Baba Babba da Awon Ranar Lahadi

Baba Babba, yayan mahaifina, ya rasu ranar Talata da hantsi a kujerarsa ta ƙarƙashin mangwaro, da tabarau a hanci da jan bik, alƙalaminsa na gyaran takardu, a hannu. Inna, matarsa, ta kawo masa kunu, ta yi magana sau biyu bai amsa ba, har ta fara faɗa wai tsufa ya ƙara masa kurumta. Sai da ta taɓa kafaɗarsa ta gane. Allah da ya ba mu aronsa shekaru masu yawa ya karɓi abinsa, ba jinya, ba wahalar da kowa.

Mu Kiristocin Gaya ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, don haka na ɗauka zaman makokin namu ne mu kaɗai da dangi. Ina! Kafin la'asar babu wurin ajiye ƙafa. Manoman shinkafa suka zo daga Tanda cike da bayan mota, wasu da laka a ƙafa don daga gona labari ya same su. Mata suka tsallako gada daga Malanbil suna shigowa da "fonda tilas" irin gaisuwar ta'aziyyarsu. Tsofaffin ɗalibansa kuwa salula ba ta huta ba, wannan daga Doso, wancan daga Yamai, kowa yana cewa a jira shi. Maƙwabcinsa, wani alhaji mai manyan motocin ɗaukar kaya daga Kwatano, shi ya buɗe ƙofar garejinsa, ya sa aka kafa rumfa aka shimfiɗa tabarmi. Na ji shi yana gaya wa mahaifina, wanda shi ne faston majami'armu:

"Fasto, ni ban san irin addu'ar da kuke yi wa naku ba. Amma shekara ashirin katanga ɗaya ta raba mu, bai taɓa gaya mini magana na je na tarar ba haka take ba."

Wani tsoho daga Bengu ya zauna a bakin tabarma yana share ido da gefen rawani, yana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa cikin duk ƴan boko masu takalmin da suka taɓa shiga gonarsa, marigayin nan ne kaɗai ya taɓa ce masa bai sani ba.

Ina zagawa da ruwa a faranti na iso wajen matan majami'armu. Ba su lura da ni ba. Ɗaya tana cewa:

"Mutumin kirki ne, ba mai musu. Sai dai boko ya ɗan ja shi nesa da Ubangiji."

"Ai kuwa. Ba shi ne ya kayar da ɗiyar ƙanensa don ta je sujada ranar Lahadi ba?"

"Shi ne mana. Allah dai ya gafarta masa."

Saura kaɗan farantin ya suɓuce mini. Ni ce ɗiyar ƙanen. Shekara tara ke nan wannan magana tana yawo a majami'armu, ta raba mahaifina da yayansa, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Ni na yi ta. Mutum biyu kaɗai suka san haka a duniya, ɗaya yana kwance a ɗakin ajiye gawa. An tsayar da jana'iza ranar Alhamis don masu zuwa daga nesa, kuma mahaifina ne zai yi wa'azi a kan gawar. Kwana biyu suka rage mini, ko in buɗe baki, ko a binne shi da laifina a kansa.

Amma bari in fara nuna muku mutumin, don ba na so a tuna shi ta wajen abin kunyata kaɗai.

Baba Babba ya daɗe yana koyar da ilmin ƙasa da ruwa a jami'a a Yamai. Da majami'un yankinmu suka haɗa kai suka buɗe wata ƴar makarantar aikin gona a nan Gaya, ta waɗanda suka riga suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, sai ya tattara littattafansa ya dawo gida. Yawancin ɗaliban Musulmi ne, ƴaƴan manoman gero da dawa da shinkafa na ƙauyukan nan. Dattawan majami'a suka yi murna, a zatonsu sun samu wanda zai riƙa buɗe kowane darasi da wa'azi. Ko sau ɗaya bai yi ba. Abin da yake yi, kullum da asuba zai zauna da takardar sunayen aji, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi wa kowa addu'a da sunansa, Kirista da Musulmi, har da wanda ya fi ba shi ciwon kai. Inna takan ce:

"Sunayen ɗiyan mutane sittin suna cikin kan nan, amma aike shi kasuwa sayen gishiri, da albasa zai dawo miki."

Akwai shekarar da kwamitin makaranta ya kawo shawarar a riƙa ƙara maki ga ɗalibin da ke zuwa addu'ar safe. A zauren gidanmu aka yi taron, ina kai musu shayi, shi ya sa na ji. Baba Babba ya bari kowa ya gama, sannan ya ce:

"In yaro ya zo addu'a don maki, me muka koya masa? Mun koya masa Allah ma ana iya yi masa wayo."

Mahaifina ya ce, "To Yaya, ina bambancinmu da kowace makaranta? Don me muka buɗe ta?"

"Bambancin yana cikin kaye, littafin da yaro yake rubuta awo. Ƙasar nan da ruwan nan ba mu muka yi su ba. Mai su ya ba mu ido ya ce mu duba da kyau. In na rubuta abin da ban gani ba, na yi shaidar zur a kan aikin hannunsa, kuma ba ni zan kwana da yunwa ba, manomi ne. In ɗalibina ya fita daga nan ba ya iya yi wa manomi ƙarya, to na yi wa'azina."

Ba su ji daɗi ba, amma shawarar ta mutu a nan.

Tambaya ɗaya gare shi da ta addabi kowa: "Ka gani, ko an gaya maka?" Ka ce ƙasar fadama ta fi riƙe ruwa, zai ce ka gani ko an gaya maka. Ka ce an yi ruwa jiya a Bengu, haka. Har ɗalibai suka laƙaba masa Mushe Ka-Gani (Mushe dai shi ne malam a bakin ƴan boko na Faransanci), kuma ya san da sunan, yana ma jin daɗinsa. Ko mahaifina bai tsira ba. In ya kawo misalin gona a wa'azi, ana tashi Baba Babba zai tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Fasto, wa'azi ya yi kyau, sai dai gero ba ya yin haka." A lokacin dariya suke yi su biyun.

Tsohon nan na Bengu, ina cikin ɗaliban da aka je gonarsa da su. Ganyen dawarsa ya yi rawaya a gefe ɗaya, ya tambayi dalili. Mu duk mun gyara tsayuwa muna jira Mushe ya burge mutanen ƙauye da turancin Faransa. Ya durƙusa, ya murza ƙasa, ya sansana, ya tuge tushe ɗaya ya duba saiwa, ya miƙe ya ce, "Baba, ban sani ba. Amma zan je in tambaya." Kai, kunya kamar mu nutse! Ya ƙulla ƙasar a leda ya tafi da ita. Bayan mako uku ya koma a kan babur ɗinsa cikin yayyafi ya kai wa tsohon amsa. A hanyar dawowa ranar farko wani ɗalibi ya ce ai da ya faɗi ko mene ne, tsohon ba zai gane ba. Baba Babba ya tsayar da mu a gefen hanya ya yi masa faɗan da ban taɓa jin ya yi wa kowa irinsa ba.

Da azumi yakan mayar da aikin gona sassafe don kada rana ta gasa yara, kuma ba ya shan ruwa a gabansu. Ranar Juma'a sha biyu na yi zai rufe littafi ya ce, "Ku tashi, kada ku makara masallaci, ku sa da ni a addu'a." Ba waliyyi ba ne fa. Taurin kai gare shi kamar me, in ya ce a'a ko za a kwana ana roƙo a'a ce. Ba ya iya waƙa ko kaɗan, amma muryarsa ta fi ta kowa tashi a majami'a, ni da nake jagorar mawaƙa na sha wahalarsa. Jan bik ɗinsa kuwa ba ya barin ko wakafi ya wuce.

To, ga yadda na jawo masa.

A shekarata ta ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta memwar, wato littafin bincikensa, ya kare shi a gaban malamai kafin a ba shi takardar kammalawa. Nawa a kan zurfin ruwa ne a gonar shinkafa, a fadamar Tanda. Aikin ba wuya: kowace safiya in je in tsoma sandar awo a wurare biyar, in rubuta zurfin ruwan santi nawa ne, tun daga dashe har ruwa ya janye. Baba Babba ne mai duba aikina. Tun ranar farko ya gaya wa ajinmu duka:

"Ranar da ba ka je ba, ja layi ka rubuta ban je ba. Ba zan rage maka komai ba. Gurbi a buɗe ba laifi ba ne."

Ranar Lahadi ni ke buɗe majami'a da mawaƙa tun da safe, ba halin zuwa Tanda. Lahadin farko na ja layi kamar yadda ya ce. Sai na leƙa kayen wata ƙawata, nata cike fal babu giɓi, nawa kuwa kamar bakin tsohuwa. Ni fa ɗiyar fasto ce, ɗiyar Mushe kuma, ni ce ta ɗaya a aji tun shekarar farko. Girman kai ya ce mini ai ruwa ba ya sauyawa sosai cikin kwana ɗaya. Na goge layin, na haɗa awon Asabar da na Litinin na raba biyu, na rubuta. Ya zauna daram. Haka na yi ta yi Lahadi goma sha huɗu, har da sauya bik don kada tawada ta tona ni. Kullum daga nan in je in tsaya gaban jama'a ina rera yabo da babbar murya.

Saura mako biyu a kare memwar ya kira ni ofishinsa da rana. Kayena yana buɗe a gabansa.

"Zauna. Lahadi ta shida bayan dashe, santi goma sha biyu kika rubuta."

"Eh, Baba."

"A nan Mushe nake. Kin gani, ko an gaya miki?"

"Na gani, Mushe."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Dorina ba ta gaishe ki ba?"

Ban gane ba. Sai ya gaya mini. Ashe a daren wannan Asabar ɗin dorina ta fito daga kogi ta ratsa gonar, ta fasa madatsar laka, ruwa ya tsiyaye kaf. Da safiyar Lahadi gonar laka ce zalla. Mai gonar da ƴaƴansa suka wuni suna toshewa, aka sake sako ruwa da yamma, kafin in zo Litinin komai ya koma daidai. Mai gonar ne ya ba shi labarin a kasuwa, yana dariya, tun watanni da suka wuce. Baba Babba ya riƙe abin a ransa yana jiran ya ga me zan rubuta.

"Sauran Lahadin fa?"

Hawaye suka fara zuba mini.

"Ba zan sa hannu ba, ɗiyata. Ba don kin je sujada ba, da ma can ya kamata ki je. Da kin bar su a buɗe da yau na sa hannu ina murna. Amma wani zai ɗauki littafin nan gobe ya gaya wa manomi ga yadda ruwa ya kamata ya tsaya. Za ki sake, damina mai zuwa."

Na roƙe shi. Na durƙusa har ƙasa na kira shi Baba, na kira shi Mushe, na ce a cire Lahadin kawai. Ya ce in ɗaya cikin bakwai ƙarya ne, da wane ido zai yarda da sauran shidan? Shi ma idonsa ya yi ja, na gani.

A gida kuwa Mama ta riga ta sayi atamfar anko, mahaifina ya riga ya sanar a majami'a cewa za a yi godiya ta musamman. Na shigo ina kuka, ya tare ni a tsakar gida yana tambaya. Allah ya sani ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce:

"Baba Babba ya ƙi sa hannu. Ya ce wai na bar gona na tafi sujada ranakun Lahadi, don haka aikina bai cika ba."

Mahaifina bai ko sa hula ba ya fita, ni ina bin sa a baya ina cewa ya bari. A gindin mangwaron nan ya same shi.

"Yaya, abin har ya kai nan? Yarinya ta kiyaye ranar Ubangiji, kai kuma ka hukunta ta? Sandar awo ta fi sujada a wurinka?"

Baba Babba ya ɗago ya dube ni. Ina tsaye a bakin ƙofa, bai fi taki biyar ba. Kalma ɗaya zai faɗa in ƙare. Ya daɗe yana kallona, yana ba ni dama, ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Sai ya juya ga ƙanensa ya ce:

"Aikin bai cika ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"Boko ya cinye maka bangaskiya, Yaya! Da ma na daɗe ina gani."

Inna ta fito tana ba da haƙuri, maƙwabta suka leƙo. Kafin Lahadi magana ta gama majami'a. Dattawa suka karɓe ajin manya da yake koyarwa kafin sujada shekara da shekaru, suka ba wani. Bai yi gardama ba, ya koma benci na uku ya ci gaba da ɓata mana waƙa. Tsakaninsa da mahaifina ya koma gaisuwa kawai. Ba ya ƙara tare shi a bakin ƙofa da maganar gero. Da Kirsimeti Inna takan aiko da abinci, Mama ta mayar da nata, amma mazan biyu ba su ƙara sa hannu a kwano ɗaya ba.

Damina ta zagayo, na koma Tanda. Lahadin farko, gari bai gama wayewa ba, na ji ƙarar babur a ƙofar gidanmu. Shi ne, da tsohuwar hular kwano.

"Hau. In muka yi sauri za mu dawo kafin a buga ƙararrawa."

Haka muka yi damina guda. Tsoho mai ciwon gwiwa, ya kai ni, ya tsaya a kan madatsa yana riƙe mini kaye ina tsoma sanda, mu dawo a guje mu shiga majami'a da laka a ƙafa. Mutane suka ce kun gani, yanzu har yarinyar yake ja gona ranar Ubangiji. A hanya yakan yi ta surutu, yana nuna mini tsuntsaye, yana tsayawa gaisawa da masunta, yana saya mini ƙosai mai zafi a bakin tasha. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Wata Lahadi da aka yi ruwa mai ƙarfi hanya ta yanke, muka juyo daga rabi. Na buɗe kaye na ja layi na rubuta ban je ba. Ya leƙa, ya gyaɗa kai, ya ce in riƙe shi da kyau akwai santsi.

A Lahadin ƙarshe na kasa daurewa. Muna tsaye a bakin gona na ce:

"Baba, me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"Ba maganata ba ce. Taki ce."

"Amma suna zaginka."

"Suna yi. Ba daɗi, kada ki ɗauka ba na ji. Ƙanena ne, ni na goya shi. Amma in ni na faɗa, na wanke kaina, ke kuma kin zama wadda aka kama har abada. In ke kika faɗa, kin zama wadda ta faɗi gaskiya. Ni malami ne, ba na rubuta wa ɗalibi amsa."

Na ce zan faɗa. Har ga Allah na yi niyya. Na ce bari in kare memwar tukuna. Na kare, da yabo. Na ce bari a gama bikin. Sai na tafi ƙarin karatu, na ce in na dawo. Na dawo aka ɗauke ni koyarwa a makarantar, a ofishin da ke kusa da nasa, sai abin ya ƙara nauyi: yaya malama mai duba kayen yara za ta ce ita ma ta taɓa cika nata da ƙarya? Na yi aure, shi ya riƙa zirga-zirgar hidima kamar ba komai. Na haihu, ya zo da sabulu da ƴar riga. Duk lokacin da muka haɗa ido a gidan suna ko a majami'a, ba ya nuna mini komai sai fara'a, kuma wannan fara'ar ta fi zagi ciwo. Kullum ina cewa akwai lokaci, mutumin ko mura ba ya yi.

Ranar Laraba da hantsi, washegarin rasuwar, na tarar da mahaifina a bayan gida, a inuwar rumbu, yana rubuta wa'azin jana'iza. Ya rame cikin kwana ɗaya. Ya ce in zauna in ji ko ya yi daidai, tunda ni ce malama. Ya karanta mini yadda yayansa ya riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, yadda ya sa shi lakkol ya yi karatun boko, yadda ya yi wa manoma hidima. Sai ya iso wani wuri ya karanta:

"Ko da yake a ƙarshen rayuwarsa mun saɓa a kan abin da ya shafi ranar Ubangiji, yau a gabanku ina cewa na yafe masa, ni da iyalina."

Wayyo Allah. Za a tsaya a kan gawar mutum a yafe masa laifin da bai yi ba, jama'a su ce amin, a rufe shi da ƙasa. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Baba, kada ka karanta wannan."

"Don me?"

Na gaya masa duka, tun daga layin da na goge. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce in sake faɗa, na sake.

"Ya sani tun ranar?"

"Ya sani."

"Da na je gidansa ina ɗaga masa murya a gaban matarsa, kina tsaye a wurin."

"Ina tsaye, Baba."

"Shekara tara."

Na ɗauka zai mare ni, kuma da ya yi da na ji sauƙi. Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya sa a aljihu. Ya ce, "Tashi ki tafi." Ranar bai ci abinci ba. Da la'asar na hango shi a gidan makoki, ya bar rumfar baƙi ya je ya zauna a ƙasa kusa da kujerar yayansa, ya dafa hannunta.

Alhamis majami'a ta cika har waje. Alhaji da manoman Tanda da tsohon Bengu suna ƙarƙashin rumfa a bakin tagogi. Ɗalibaina na bana sun cika layin baya, waɗanda makon jiya na mayar wa biyu daga cikinsu kaye na ce su sake awo. Ban iya jagorar waƙa ba, na zauna cikin dangi kusa da Goggo, ƙanwar su mahaifina. Akwatin yana gaba. Mahaifina ya hau ba takarda a hannunsa. Ya dubi akwatin ya ce:

"Jiya na rubuta cewa zan yafe wa yayana a gabanku. Ashe ni ne mai neman gafara, kuma na makara. Ku ji da kyau, ku da kuka karɓe masa aji, da ku da kuka yi ta maganarsa a gidajenku, ni na fara, ku kuka bi ni. Yayana bai taɓa kayar da kowa don ya zo sujada ba. An yi kuskure, an gaya mini abin da ba haka ba, shi kuwa ya san gaskiya ya rufe bakinsa shekara tara don ya rufa wa wani asiri. Ni fasto ne, ina wa'azin haƙuri kowace Lahadi, mai yin sa yana zaune a benci na uku ban gane shi ba."

Na ga kawuna sun fara juyowa wajenmu. Mahaifina ya ɗaga hannu.

"Kada kowa ya waiga. Shi bai faɗi suna ba, ni ma ba zan faɗa ba."

Sai na ji na miƙe tsaye. Goggo ta damƙe mini zane tana raɗa, "Ke, zauna mana, ya rufa miki!" Ban zauna ba. Na juya na fuskanci jama'a, da ɗalibaina a can baya, na ce:

"Ni ce. Ban je gona ba na rubuta na je. Da ya kama ni, na zo gida na yi masa ƙarya. Bai yi mini komai ba sai alheri."

Inna ce ta taso daga gaban akwati, ta ratso mutane da sandarta, ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ba ta saki ba har aka gama. Daga nan aka ɗauke shi aka kai shi makwancinsa da sunansa a wanke.

Allah ya ba ka hutu, Baba Babba. Ka yafe mini jinkirin.